Keken Baljiyam mai siririyar taya da abin da ya yi min a hanyar Baturiya

Wata biyar kenan da na sayi keken nan, irin na tsere mai lanƙwasasshen kai da siririyar taya, ɗan Baljiyam, a wajen masu saida kekunan gwanjo a Kano. Kun dai san yadda kuɗinsu ya koma tun da aka cire tallafin mai a 2023 kowa ya dawo neman keke, ba sai na faɗi abin da na biya ba, amma wallahi sai da na ji a jikina. Na ɗora shi a mota zuwa Haɗeja ina ta murna.

Gaskiya a kwalta ba ni da abin cewa. Ba nauyi, da hannu ɗaya nake ɗaga shi in shiga da shi zaure. Giya tana shiga lafiya lau ba ƙara, kana taka feda sau biyu uku ka ji ya ɗauke ka. Ni malamin makaranta ne, da shi nake zuwa aiki kullum, kuɗin da nake ba ɗan acaɓa yanzu yana aljihuna. Sai kuma na ɗauki al'adar fita ran Asabar bayan sallar asuba in kama hanyar Kirikasamma, lokacin ba motoci sai jefi-jefi, sai amalanken shanu da masu tafiya lambu. Wanda bai taɓa bin ƙasar nan a keke ba bai san ta ba, a mota gani kake ko'ina shimfiɗe yake, sai ka hau keke cinyarka za ta gaya maka inda ake hawa jigawa da inda ake gangarawa fadama. Ka hau tudun yashi mai goruba da gawo, ka gangara sai sanyi ya buge ka da ƙanshin laka, ga shinkafa ga tattasai ga albasa, ka sake hawa wani tudun. Wata uku na farko duk wanda ya tambaye ni cewa nake je ka saya kawai.

To abin da ya sa nake wannan rubutun shi ne abin da ya faru cikin watan Disamba.

Ranar da zan saya sai da na tambayi mai keken, na ce Alhaji ni fa ba a birni nake ba, ƙasarmu ƙaya ce da yashi, wannan tayar kamar yatsa za ta iya kuwa? Ya ce min tayar Turai ce, akwai wani abu a cikinta da ƙaya ba ta hudawa, sai in shekara ban je wajen mai faci ba. Haka ya faɗa, da bakinsa, a gaban mutane. Da wannan maganar na dogara na shirya zuwa Baturiya.

Dalilin zuwan kuwa tsuntsaye ne. Da hunturu ake samun waɗanda ke tasowa tun daga Turai suna sauka a dausayin nan namu na Haɗeja zuwa Nguru, su haɗu da namu na gida, kirinjijiya da ɗinya da zalɓe da balbela. Ina koya wa yara a aji cewa tun 2008 aka sa Baturiya cikin jerin dausayin duniya na yarjejeniyar Ramsar, amma ni da nake maƙwabtaka da wurin rabona da shi tun ina yaro, abin yana damuna. Na fita da sassafe hazo ya rufe ko'ina, ruwa gora biyu, dabino a aljihu. Tafiyar kwalta ta yi daɗi ƙwarai. Da na sauka na kama burji nan ma da sauƙi duk da keken yana girgiza ni har haƙora, don ba shi da abin da ke shanye gargada ko kaɗan. Inda yashi ya yi yawa kuwa dole in sauka in tura, tayar nutsewa take kamar wuƙa, wani dattijo ya zo da tsohon Fonis ɗinsa ɗauke da buhu a kariya ya wuce ni ko sauka bai yi ba, ya yi min sannu ya tafi.

Duk da haka na isa bakin ruwa, kuma abin da na gani ya biya ni wahalata. Kirinjijiya garke guda sun tashi lokaci ɗaya suna wannan fito nasu, wani masunci yana kwance a kan gora yana tura kansa cikin ruwa a hankali ko motsi ba ka ji, hayaƙin banda yana tashi daga can tsallake. Na jingine keken a jikin bagaruwa na zauna na kai awa guda ban ce uffan ba.

Da na tashi komawa ne, ban yi tafiyar minti goma ba na ji baya tana rawa. Na duba, taya ta kwanta. Tsidau ne, guda uku na cire da farce daga tayar baya, ɗaya a ta gaba wadda ita ma ta fara saki. Tsidau fa, ba ƙusa ba, ba kwalba ba, tsidau ɗin da yara ke takawa da silifas su wuce. Tayar da aka ce min sai na shekara.

Na saɓa keken a kafaɗa don kada gargaren ya lalace, nan dai rashin nauyinsa ya yi min rana, na yi tafiya mai nisa rana ta fara zafi kafin na iso wani ƙauye na tarar da mai faci a gindin darbejiya. Dattijo ne, na gaishe shi na ce Baba ga abin da ya same ni. Ya juya keken ya cire tib ya tsoma a kwanon ruwa, huda huɗu. Ya kankare ya shafa sholisho ya yanko faci daga tsohon tib ɗin babur, ya ce ɗana wannan tib naka ai kamar hanjin kaza, facin ma ya fi shi faɗi. Ya dai rage shi da almakashi ya manna. Sai da aka zo buga iska sannan asalin matsalar ta fito. Bawul ɗin keken nan siriri ne dogo, mai ɗan noti a kai da ake warwarewa kafin iska ta shiga, shi kuma Baba famfon babur ne da shi mai faɗin baki, don ya ce yanzu aikin babur ya fi zuwar masa. Ya ɗora, iska tana fita ta gefe fuuu, ko kaɗan ba ta shiga. Ni kuma ba ni da famfo, don wanda ya sayar min bai ce min uffan ba game da bawul ɗin, a Haɗeja kuma mai gyaran da nake zuwa wajensa yana da ɗan ƙarfen da ake ɗaurawa a kai, ban taɓa lura ba.

Nan fa raina ya ɓaci sosai, ga nisa ga waya ba sabis. Baba ya ce kwantar da hankalinka malam, ba a kwana a hanya a garin nan. Ya yanko siririyar roba ya naɗe bawul ɗin da ita zagaye-zagaye har ya yi kauri, ya cusa bakin famfon, ya ce jikansa ya danne da hannu biyu shi kuma yana bugawa. Iska ta shiga. Ba ta yi tauri yadda ake so ba, irin tayar nan sai ta yi kamar dutse take tafiya daidai, amma ta tashi. Yana aikin muna hira, yake gaya min yadda ciyawar kacala ta cinye musu hanyoyin ruwa, gonar da ya gada yanzu ba ta shiguwa, tsuntsayen jan baki kuma sun samu wurin kwana a ciki suna fitowa su cinye shinkafa. Ya ce da can ruwa yana zuwa da lokacinsa ya tafi da lokacinsa, tun da aka yi dam ɗin Tiga abin ya canza. Lissafinsa daidai ne, Tiga 1974 ne, na Challawa ya biyo baya a 1992, kuma kacala ba abin da take so irin ruwan da ke kwance shekara ba ya bushewa. Matarsa ta aiko min da fura a kwanon sha. Da na ciro kuɗi kuɗin faci kawai ya karɓa, na ƙara masa ya ce a'a, baƙo ne kai. Allah ya saka wa bawan Allahn nan da alheri, ban manta shi ba.

Na hau na taho a hankali, kowane juyi ina jin tudun facin dum dum a ƙarƙashina. Saura kaɗan in hau kwalta na faɗa wani rami, saboda iskar ba ta cika ba gargaren ya datse tib ɗin, huda biyu a jere. Daga nan ban sake gwadawa ba, mai a-kori-kura ɗauke da buhunan tattasai ne ya taimaka ya kawo ni Haɗeja bayan la'asar, ina ta atishawa.

In za a yi adalci keken kansa ba shi da laifi, an ƙera shi ne don titi mai santsi, kuma a nan yana aikinsa. Har gobe da shi nake zuwa makaranta, birkinsa yana ci, sarƙa ba ta taɓa zamewa ba. Wanda zirga-zirgarsa kwalta ce, Haɗeja zuwa Malam Madori ko cikin Dutse, zai ji daɗinsa, in dai ya haɗa da ƙaramin famfo mai bakin da ya dace da tib biyu na ajiya tun a Kano, don tib mai lamba 700, girman da tayarsa ke ɗauka, ba kowane shago ake samu ba a nan, sai da na jira sati biyu aka kawo min.

Amma kuma duk lokacin da na tuna sai abin ya dawo min sabo. Na tambaya fa. Da ban tambaya ba sai in ce ni na jawo. Na gaya wa mutumin nan inda nake zaune, na ambaci ƙaya da bakina, ga kekuna masu faɗin taya a jere a gabansa kusan kuɗi ɗaya, da ya nuna min ɗaya daga ciki da shi zan ɗauka. Da mai gyarana ya cire tayar ya duba ma sai ya nuna min gefenta duk ya tsattsage, ta tsufa a ajiye, ba wani abin kare ƙaya a ciki, an dai goge ta ta yi baƙi. Na kira shi a waya na yi masa bayani cikin mutunci, ya ce ai kayan gwanjo ba garanti, kuma wa ya ce in shiga daji da shi. Wannan maganar ta fi tafiyar ƙasan da na yi ciwo. Ga sirdin ma da ban so in ambata ba, tauri kamar katako, sai da na sa aka yi masa soso. Ba kariya, ba jak, ko buhun garin masara ba ka ɗauka a kai.

Shi ya sa yanzu in an tambaye ni na daina cewa je ka saya. Sai in fara tambayar mutum ina zai bi da shi. In akwai fadama ko burji a hanyarka, nemi mai faɗin taya ko ka riƙe Fonis ɗinka. Ni dai na gwada, firam ɗin nawa ba zai karɓi taya mai faɗi sosai ba, mai faɗin milimita 28 ce iyakarsa, ita na sa gaba da baya. Baturiya kuma zan koma in Allah ya yarda kafin tsuntsayen su tashi, na riga na yi magana da kawuna zai ara min tsohon Raleigh ɗinsa, kuma na sayi ɗan ƙarfen bawul ɗin nan guda biyu, ɗaya na Baba mai faci ne.