Na je kallon zaman majalisar jiharmu, tauraro biyu na ba su

Malamin firamare ne ni, albashina daga kason ƙaramar hukuma yake fitowa, shi ya sa na ɗauki hutun yini guda na hau benen 'yan kallo a majalisar dokokin jiharmu. An ce ƙarfe goma, sandar majalisa ba ta shigo ba sai sha biyu saura. Wurin dai tsaf, ga sanyin AC har na yi gyangyaɗi.

Abin da ya kai ni shi ne hukuncin Kotun Ƙoli na 11 ga Yuli, 2024, wanda ya ce a riƙa tura wa ƙananan hukumomi 774 kuɗinsu kai tsaye, kuma a daina ɗora musu kantomomi. Na zaci za a yi cacar baki kan asusun haɗin gwiwa na jiha da ƙananan hukumomi, wanda aka saba bi da kuɗin ta cikinsa. Ina! Minti ashirin aka ba batun, aka miƙa wa kwamiti, aka koma gaisuwar ta'aziyya.

Wani ɗan majalisa daga karkara ya burge ni, ya tashi ya lissafa azuzuwan mazaɓarsa da ruwa ke zuba, ɗaya bayan ɗaya. Tauraro ɗaya nasa ne. Ɗayan na mai gadin ƙofa ne, da ya ce, "Malam, bismillah, hau sama."