Tubula huɗu ko litiyom ɗaya? Amsa ga mai shagon kayan sanyi na Ƙofar Kaura

Malam na ga tambayarka, ka ce kana da firiza biyu da fanka a shago, wutar KEDCO kuma sai ta ga dama take zuwa, mai haɗa sola ya ce ka zaɓa tsakanin batir tubula guda huɗu ko litiyom guda ɗaya. To ni duka biyun na yi amfani da su a gida.

Kar ka fara da farashi tukunna. Tubula ɗaya mai 12V 200Ah, in ka jera huɗu a takarda wajen kilowat-awa 9.6 ke nan, sai ka ji kamar ka gama da duhu, amma shi wannan batirin ba a shanye shi ya wuce rabi, in kana tatse shi har ƙasa kullum da dare to ka fara tara kuɗin wani. Abin da za ka ci a zahiri bai wuce 4.8 ba. Litiyom mai 48V 100Ah kuwa, wanda yawanci 51.2V ne a zahiri, wajen 5.1 ne, kuma za ka iya jan kashi 80 zuwa 90 ba abin da zai same shi. Ka ga kusan kunnen doki suka yi, duk da ɗayan ya cika maka lungu da nauyi, kowane tubula wajen kilo 60 fa.

Inda suka rabu shi ne zafi, kuma nan nake so ka tsaya da kyau. Tubula da gubar dalma da ruwan asid yake aiki, a digiri 25 ake auna ƙarkonsa, duk ƙarin wajen digiri 10 yana raba kwanansa biyu. Ka tuna Katsina a watan Afrilu, rana ta haura 40, shago da rufin kwano. Ni nawa na farko wani mai haɗawa ya cusa mani su ƙarƙashin bene inda ko iska ba ta shiga, ruwan ya riƙa ƙafewa ban sani ba, ranar da na buɗe murfin na leƙa ƙarafunan ciki a waje suke, kan batirin duk ya yi farin gari-gari. Ba su kai shekara biyu ba. Kuma ruwan batir ake ƙara mashi, ba fiya wata ba, ba na rijiya ba, sannan yana fitar da iska mai kama wuta lokacin caji, dole wuri ya zama a buɗe.

Litiyom, in dai irin LiFePO4 ne, ba ruwanka da ƙarin ruwa, yana cika da wuri, kuma mai kyau yana yin caji da saukewa sau 3000 zuwa sama, tubula kuwa in ya yi 1500 ya yi ƙoƙari. Shi ma ba ya son a gasa shi a rana amma ya fi juriya. Ai ko manyan rumbunan batir na layin wutar ƙasa litiyom suke sawa, kamar wanda Tesla ta kafa a Hornsdale ta Ostireliya a 2017 mai megawat 100.

Tubula dai ya fi sauƙin kuɗi a tashin farko, kowane mai gyara ya san shi, in ya mutu ma 'yan gwangwan za su saya da ɗan kuɗi mai kauri. Sai dai in ɗaya ya lalace cikin huɗun kar ka sa sabo cikin tsofaffi, za su ja shi ƙasa.

Matsalar litiyom ɗaya ce, jabu. Akwai masu cika kwali da tsofaffin sel su manna takarda mai kyau. Ka nemi garanti a rubuce, ka tabbatar BMS ɗinsa, wato na'urar cikinsa mai kula da caji da kare batirin, zai ɗauki fizgar da firiza ke yi in za ta tashi, kuma inbatarka tana da saitin litiyom.

Ni a wurinka litiyom zan ɗauka, ko da zan ƙara wata biyu ina tara kuɗi. Amma firiza biyu ba wasa ba ne, ɗauko hoton takardar da ke manne bayan kowace ka turo, mu ga ko guda ɗayan ma zai kai ka asuba.