Kwas ɗin mata masu neman kujerar darakta: rabinsa ne ya ci kuɗinsa

Wata cibiyar horaswa ce ta shirya shi a zauren wani otal a Kaduna, don mata masu son shiga kwamitin daraktocin kamfani. Ni akanta ce, kuma daga aljihuna na biya.

Zaman safe ya yi. Wata tsohuwar ma'aikaciyar banki ta raba mana rahoton shekara na wani kamfani, ta ce mu nemo inda aka binne bashin da ba zai biyu ba. Ashe yana can shafukan ƙarshe, cikin rubutu ƙanana kamar ƙafar tururuwa. Ta koya mana tambayoyin da darakta ke yi wa mai binciken kuɗi, da yadda za ki dage a rubuta ƙin amincewarki a takardar bayanin taro, saboda ranar da za a zo tuhuma.

Bayan azahar abin ya lalace. Wani matashi ya kunna majigi: a sa mata a kwamiti, riba ta hau, muhalli ya gyaru, shi ke nan. Na tambaye shi batun Norway. Su suka fara a 2003 da dokar ba mata aƙalla kashi 40 cikin ɗari na kujerun kwamitin daraktoci, daga 2008 kuma kamfanin da ya ƙi bi ana iya rushe shi. Mata sun cika kujerun, amma har yau masu bincike na jayayya kan ko darajar kamfanonin ta motsa, wasu kamfanonin ma sauya rajista suka yi suka fice daga ƙarƙashin dokar. Ya ce, "Hajiya, a bari sai lokacin tambayoyi." Har aka tashi lokacin bai zo ba.

Namu na gida ko ambato bai yi ba. Tun 2012 Babban Bankin Najeriya ya sa wa bankuna burin mata kashi 30 a kwamitin daraktoci, kashi 40 a manyan muƙamai. Bayan nan muka ga Ibukun Awosika ta shugabanci kwamitin First Bank, Halima Buba ta riƙe shugabancin bankin SunTrust, Adaora Umeoji ta hau kujerar shugabancin bankin Zenith. Ni wannan hujjar ta ishe ni. Wane namiji aka taɓa cewa sai ya rantse zai ninka riba kafin a ba shi kujera?

Abinci ba laifi, sai dai wurin sallar mata ya yi kaɗan. Mai son zuwa ta tambaya ko za su sayar mata da zaman safe kaɗai.