Karbin mai harsashin fistol ko AR-15: zaɓin mai tsaron gida a Amurka

A shagunan bindiga na Amurka, mai neman abin tsare gidansa yakan tsaya tsakanin biyu: karbin, wato ƙaramar raifal, irin Ruger PC Carbine mai cin harsashin fistol na 9mm, ko raifal ɗin AR-15 mai cin harsashin 5.56mm. A tsayi ba su da wani bambanci, don dokar tarayyar Amurka ta ƙayyade bututun raifal kada ya gaza inci 16 sai da rajista ta musamman.

Ƙarfi kam na AR-15 ne. Harsashinta yana fita da gudun kusan mita 900 a daƙiƙa, na 9mm kuwa wajen 400. A gona ko filin kiwo, inda mutum ke hangen mita 200, babu gardama.

Cikin ɗaki ne lissafin ke sauyawa. Ƙarar 5.56 a lungun gida tana toshe kunne, ga walƙiyar da ke kashe ido cikin dare. Karbin ta fi sauƙin ƙara, harsashinta ya fi araha, kuma Ruger ɗin tana karɓar gidan harsashin fistol ɗin Glock.

Sai dai kada a ruɗu, bangon cikin yawancin gidajen Amurka siririn allon jifsam ne, ba bulo ba. Harsashin 9mm mai nauyi yakan huda shi ya wuce ɗakin yara, alhali ƙaramin 5.56 sau da yawa farfashewa yake yi. Ni dai a gidan haya, wannan ne zai fi hana ni barci.