Wane zare za ki saya don saƙar sanyin bana? Akirilik, auduga, ulu ko gaurayen zare

Da hunturu ya fara kaɗawa a ƙarshen Nuwamba, masu shagon kayan saƙa sukan fito da dunƙulen zare kala-kala, kuma duk wanda kika nuna za a ce miki "ulu ne". A kasuwanninmu kalmar ulu ta zama sunan kowane zaren saƙa, ko da babu gashin tunkiya ko sili ɗaya a cikinsa. Don haka kafin a yi maganar kala ko farashi, juya dunƙulen ki karanta takardar da aka naɗe shi da ita. Abu huɗu ake nema: abin da aka yi zaren da shi, nauyinsa a giram, tsawonsa a mita, da lambar rini, wato lambar da ke nuna zaren da aka rina tare a tukunya ɗaya. Zaren da babu ko ɗaya cikin waɗannan a jikinsa, saye ne a duhu.

Ki kuma tuna inda saƙar za ta je. Mayafin wuya na ɗan makarantar kwana, hular jariri, shawul na barka, ko abin da tsoho zai naɗa a wuya ya fita sallar asuba, duk kayan da za su sha ƙura ne, su sha wanki da hannu, a shanya su a igiya. Ita kanta saƙar a cikin gida ake yinta, tsakanin ɗora tukunya da saukewa, a ajiye a ɗauka, yaro ya ja dunƙulen ya mirgina a tsakar gida. Zaren da ba zai jure wannan ba, komai kyansa a shago, bai dace da mu ba.

Akirilik zalla shi ne ya cika kasuwa. Zaren roba ne, daga sinadaran man fetur ake yinsa. Yana da araha, ba ya nauyi, yana bushewa da wuri, asu ba ya cinsa, kalolinsa kuma ba iyaka. Ga mai koyo babu laifi ta fara da shi, domin za a saƙa a warware sau da yawa. Aibinsa uku ne. Mai arhar cikinsa yana kaushi a wuya, kuma bayan wanki biyu ko uku sai ya fara fitar da ƙananan dunƙulen gashi, musamman inda yake gogar haɓa. Na biyu, ba ya shan gumi, ga shi sanyin hunturu na safe ne da dare, kafin azahar rana ta buɗe, sai yaro ya jiƙe a cikin hular. Na uku shi ne wanda ba a cika faɗa ba: akirilik narkewa yake idan wuta ta taɓa shi, ya manne a fata. A lokacin da ake zama kewaye da kaskon gawayi ana jin ɗumi, wannan ba ƙaramin abu ba ne ga kayan ƙananan yara. Haka dutsen guga mai zafi yana kashe shi, ya kwanta ya yi sheƙi, ba ya sake tashi.

Auduga zalla tana da kyau a jiki, tana shan gumi, tana jure omo. Sai dai ba ta da ɗumi, tana nauyi, kuma ba ta komawa idan ta miƙe, mayafi yakan ƙara tsawo ya rage faɗi. Ki bar ta don jaka, shimfiɗar tebur da abin ɗaukar tukunya.

Ulun tumaki na gaske, irin merino, a cikin waɗannan babu wanda ya kai shi ɗumi. Amma tsada gare shi, asu yana cinsa a akwati cikin watannin da ba a sa shi, kuma da an cuɗa shi a ruwan zafi sai ya curu ya tsuke, hular babba ta koma ta yaro. In ba Jos ko Mambila za a kai kyautar ba, ko wani mai tafiya Turai, ban ga dalilin sayensa ba.

Zaren karammiski, mai kaurin nan da laushi kamar jikin mage, shi ne mai jan ido a hoto. Himalaya Dolphin Baby misali ne sananne: poliyesta ce zalla, giram 100 mita 120 kacal. Irin wannan zare yana cinye kuɗi saboda gajartarsa, ba a ganin idon saƙa a cikinsa, kuma in aka warware sai gashin ya zube ya bar tsurar igiya. Don 'yar tsana ko bargon ado ya yi.

Wanda nake ba da shawara a kansa, ba tare da wani jinkiri ba, shi ne gaurayen auduga da akirilik, musamman mai kashi 55 na auduga da kashi 45 na akirilik. Kamfanonin Turkiyya sun yi suna a wannan haɗin. Alize Cotton Gold yana zuwa da giram 100, mita 330. YarnArt Jeans yana zuwa da giram 50, mita 160. Kowane ɓangare yana rufe aibin ɗan'uwansa: audugar tana shan gumi ta hana kaushi, akirilik ɗin yana rage nauyi, ya sa saƙar ta riƙe siffarta ta kuma bushe da wuri. Ɗuminsa matsakaici ne, daidai sanyin Kano, Katsina, Zariya ko Damagaram, inda ake son abin da zai tare iska da safe amma ba zai zama azaba da hantsi ba. Ba ya ƙaiƙayi a wuyan jariri. Idon saƙa yana fitowa sarai a cikinsa, don haka in hankalinki ya rabu kika tsallake ido ɗaya, za ki gani tun kafin ki yi nisa, kuma za ki warware layi goma zaren bai lalace ba. Wannan shi ne abin da ya fi amfani ga mai saƙa a cikin hidimar gida. Ana wanke shi da ruwan sanyi ko mai ɗan ɗumi da bai wuce digiri 30 ba, da sabulu mai sauƙi, a matse a cikin tawul ba tare da murɗawa ba, a shimfiɗa shi a inuwa. Kada a rataya shi yana jiƙe, nauyin ruwan zai ja shi. Ba a kusantar da shi wuta, domin kusan rabinsa roba ne. Aibinsa ɗaya a wurin aiki: silin zaren yakan rabu idan bakin kwarashin ya cika tsini ko yana da kaushi, don haka ki shafa bakin da yatsa kafin ki saya.

Wannan gaurayen zaren siriri ne, kwarashi mai milimita 3 zuwa 3.5 yake so, ko tsinken saƙa mai wannan kaurin. In kina son saƙar ta yi sauri ta yi kauri, haɗa zare biyu ki ɗauki kwarashi mai milimita 5. Kwarashin alminiyam ya fi, na roba yana lanƙwasa yana kuma riƙe zare, siraran ƙarfen nan na ƙasa da milimita 2 kuwa na zaren ado ne.

Ga lissafin abin da za ki saya da zare mai mita 330 a giram 100. Mayafin wuya na babba, faɗi santimita 20, tsawo 160, yana cin mita 500 zuwa 600 da kwarashi, wato dunƙule biyu, har a samu ragowar yin geza. Da tsinke bai kai haka ba, domin kwarashi yana cin zare fiye da tsinke da kusan kashi ɗaya cikin uku. Hula da safar sabon jariri, giram 50 ya isa, kuma kan jaririn da aka haifa yakan kai santimita 33 zuwa 35 a kewaye. Shawul mai santimita 75 da 90 yana buƙatar dunƙule huɗu. Hannun kowa daban ne, wata tana matse zare wata tana sassautawa, saboda haka saƙa ɗan murabba'i na santimita 10, ki wanke shi, ki auna bayan ya bushe. Jariri kuwa ba a yi masa mayafin wuya, ba a sa maɓalli ko dutsen ado a kayansa, kuma shawul ɗinsa kada ya kasance da manyan ramuka da yatsa zai maƙale.

Kada ki kwatanta farashi da dunƙule, ko da giram. Raba kuɗin da yawan mita. Dunƙule mai mita 120 da ake sayarwa rabin kuɗin mai mita 330 ya fi shi tsada nesa ba kusa ba, domin sai kin sayi kusan uku kafin ki kai tsawon ɗaya.

To, a nan ne maganar take, domin asarar da ake yi a zare yawancinta daga algus take fitowa. Mafi yawa shi ne sauya takarda. Ana ɗaukar akirilik mara kyau a naɗe shi da takardar sanannen kamfani, ko a buga mai kama da ita da ɗan bambancin harafi ɗaya. Duba bugun: rubutu mai dishi-dishi, takarda siririya da aka liƙe da salatif, babu lambar kala, babu lambar rini, ko kuma kaloli daban-daban duk suna ɗauke da lambar kala iri ɗaya. Waɗannan alamun jabu ne. Akwai kuma wanda ake kira Milk Cotton, mai laushi a hannu da araha. Sunan ba ya tabbatar da komai. Wani yana da auduga a ciki, wani akirilik ne tsantsa, kuma da yawa babu bayanin kashi a jikinsu ko kaɗan. In ya yi miki ki saya a matsayin akirilik mai laushi, amma kada ki biya kuɗin auduga.

Wuta ba ta ƙarya. Yanki zare kamar tsawon yatsa, riƙe shi da ƙarfe ko almakashi a kan faranti, nesa da yara, ki kunna ashana. Auduga tana ci da sauri, ƙaurinta kamar na takarda, tokarta fara-fara mai laushi. Ulun gaske yana ƙaurin gashi kamar ana babbaka, yana mutuwa da kansa in an janye wutar, abin da ya rage kuma yana murƙushewa tsakanin yatsu. Akirilik yana tsukewa yana narkewa, da baƙin hayaƙi da warin roba, ya bar baƙin dunƙule mai tauri. Gaurayen zare zai nuna alamun biyu: ƙaurin takarda tare da ɗan abu mai tauri a ƙarshe. In an ce miki auduga ce zalla kika ga dunƙule mai tauri, an gama magana. Sayi ɗaya ki gwada kafin ki ɗauki goma.

Sai rage nauyi. Dunƙulen da aka naɗa sakwa-sakwa yana cika ido alhali giram 80 ne a maimakon 100, wani kuma an naɗa shi a kan kwali mai kauri ana lissafa kwalin a cikin nauyi. Ɗora shi a ƙaramin sikeli irin na masu yin kek. Bambancin giram biyu ko uku ba komai ba ne, zare yana shan laima yana bushewa, amma giram goma sata ce. Tsawon ma ana iya gane shi: mita goma na zare mai mita 330 a giram 100 ya kamata ya auna kusan giram 3. In ya fi haka sosai, zaren ya fi kauri kuma ya fi gajarta a kan abin da aka rubuta.

Leƙa cikin dunƙulen, ki ɗan buɗa tsakiyarsa da yatsa. Ƙulli ɗaya ko biyu a dunƙule abu ne da ake samu har a zare mai kyau. Amma akwai wanda aka harhaɗa daga guntaye, kowace mita ashirin ƙulli, kuma kowane ƙulli wuri ne da saƙar za ta iya ɓallewa a wanki. Akwai kuma zaren da aka warware daga rigunan sanyi na gwanjo aka sake naɗewa. Ana gane shi da lanƙwashe-lanƙwashen da ke jikinsa kamar taliyar yara, da ƙanshin turaren gwanjo. Ba laifi ba ne a yi aiki da shi in an faɗa an kuma rage kuɗi, amma ba a sayar da shi a matsayin sabo, kuma ba na kayan jariri ba ne.

Zubar kala ita ce ke ɓata aikin wata guda a wanki ɗaya. Ja, baƙi, shuɗi mai duhu da ruwan goro sun fi yin haka. Jiƙa farin ƙyalle da ruwan sabulu, goga shi a jikin zaren da ƙarfi. In ya ɗauki kala, kada ki haɗa wannan zaren da fari ko ruwan madara a saƙa ɗaya. Tsohon kaya da ya daɗe a rana a bakin shago shi ma ana gane shi: wajen dunƙulen ya koɗe, cikinsa ya fi duhu, kuma in kika ja zaren da hannu biyu yana tsinkewa ba wuya.

Ko zaren na gaske ne, lambar rini tana iya ba ki kunya. Kala ɗaya da aka rina a tukunya biyu ba ta fitowa daidai, kuma bambancin ba ya nunawa a hasken shago, sai an fita rana a ga layi ya raba mayafin gida biyu. Sayi duk abin da aikin zai ci a rana ɗaya, mai lamba ɗaya, ki ƙara dunƙule ɗaya a kai. In dole ta sa kika haɗa lamba biyu, riƙa sauya su layi biyu-biyu har tsawon kamar santimita goma a inda suka haɗu, sai bambancin ya saje.

Masu saye ta WhatsApp ko Instagram su nemi hoton takardar gaba da baya, da hoton dunƙulen a kan sikeli, da wanda aka ɗauka a hasken rana ba na ƙwan lantarki ba. A tambaya a rubuce ko duk lambar rininsu ɗaya ce, a kuma yi yarjejeniyar mayarwa kafin a tura kuɗi. Idan kayan suka iso, ajiye takarda ɗaya daga kowace kala, ki ɗaura mata guntun zaren. In kyauta za ki bayar, haɗa da 'yar takarda mai cewa a wanke da ruwan sanyi, kada a murɗa, kada a goge, a shanya a kwance.