Kantin littattafan Kirista a Garwa: littattafansa sun yi, kwalabensa da sauran magana

Ba nisa da babbar kasuwar Garwa, a arewacin Kamaru, akwai wani kantin littattafan Kirista, ɗaki ɗaya da rumfar kwano a gaba, inda masu bi da ke jin Hausa suka saba zuwa idan suna neman abin karantawa a harshensu, domin yawancin abin da ake samu a garin da Faransanci ne ko Fulatanci. Dattijon da ke riƙe da shi ya san kayansa, ba ya matsa wa mai saye, kuma yana barin mutum ya zauna a benci ya duba littafi kafin ya yanke shawara. Abin da ya sa na ga ya dace a yi magana a kan kantin shi ne ɓangaren da ya fi kowane ciniki, wato na yaƙi da mugayen ruhohi, inda kaya iri biyu masu saɓanin koyarwa suke zaune kafaɗa da kafaɗa.

Ta fuskar Littafi Mai Tsarki babu abin kushewa. Akwai na Hausa, wanda aka fara buga shi cikakke tun 1932 kafin fassarorin da suka biyo baya, akwai na Fulatanci, akwai kuma na Faransanci fassarar Louis Segond ta 1910. Ana loda wa mutum karatun Sabon Alkawari da Hausa a katin waya a kan kuɗi kaɗan, abin da ya zama babban taimako ga tsofaffi da waɗanda ba su yi boko ba, ko da yake muryar wasu surorin tana raguwa har sai an kara wayar a kunne. Bugaggun Littattafai Masu Tsarki waɗanda suka sha hanya daga Najeriya sukan iso da bango a lanƙwashe, saboda haka a duba ɗinkin kafin a biya.

Ƙananan littattafan koyarwa na ɓangaren yaƙi da mugayen ruhohi sun fi abin da na yi tsammani. Ba sa wasa da batun Iblis, ba sa kuma mai da shi tatsuniya, gama Kirista ba shi da hanyar musun abin da Bitrus ya kwatanta da zaki mai ruri a wasiƙarsa ta fari, sura 5, ko abin da ya faru da mutumin nan mai zama a makabarta a Markus 5. Amma suna bin Afisawa 6 daki-daki, inda makaman da aka lissafa su ne gaskiya, adalci, bisharar salama, bangaskiya, ceto, Maganar Allah da addu'a, babu ko ɗaya a cikinsu da ake aunawa a kwalba. Akwai kuma ƙaramar katekisma, wato littafin tambaya da amsa a kan bangaskiya, ta Martin Luta ta 1529, wadda ikilisiyoyin Lutaran na arewacin Kamaru, daga Ngaundere har Garwa da Yagwa, suke koyar da masu shirin tabbatar da bangaskiyarsu a gaban ikilisiya da ita. Addu'o'inta na safe da na dare duka suna ƙarewa da roƙon mala'ika mai tsarki ya kasance tare da mai addu'a don kada mugun ya sami iko a kansa, kuma wannan, a ganina, ya ishi uwa ta koya wa yaron da ke firgita cikin barci.

Kantar da ke kusa da ƙofa ita ce matsalar. A nan aka jera ƙananan kwalabe na man zaitun da aka ce an yi musu addu'a, da ruwa a robobi, da gishiri a ƙulle cikin leda, da hankici masu ɗauke da ayoyi, kowane da takardar da ke faɗin aikinsa: wannan na karya sammu, wancan na maganin mayu, ɗayan na buɗe kasuwa. Kuɗin kwalba ɗaya ya ninka na irin man a kasuwa. Wanda ya tashi a ƙasar nan ya san wannan jeri, domin bai bambanta da tabarmar mai sayar da layu da guraye ba sai dai a sunan da aka liƙa.

Masu kare kayan suna da ayoyinsu, kuma adalci ne a ambace su. Yakubu 5:14 ya yi maganar shafa wa marar lafiya mai, Ayyukan Manzanni 19 kuma ya ba da labarin hankicin da suka taɓa jikin Bulus. Sai dai a wurin Yakubu dattawan ikilisiya ne ake kira su zo su yi addu'a, ba mai ake aika a sayo ba, kuma surar nan ta 19 ita ce ta ci gaba da labarin 'ya'yan Siba bakwai waɗanda suka ɗauki sunan Yesu kamar laƙani, aljanin ya yi musu dukan da suka fita tsirara, har mutanen Afisa suka ƙone littattafan sihiri na azurfa 50,000. Ko Katolika, da suke amfani da ruwa mai albarka, ba su ɗauke shi a matsayin abin da ke aiki da kansa ba, dokarsu ma ba ta yarda wani ya yi babbar addu'ar fitar da aljani ba sai fada wanda bishop ya ba izini. Takardun Zabura 91 da ake liƙawa a ƙofa da jikin babur ba laifi ba ne, amma yana da kyau mai liƙawa ya tuna cewa daga wannan zaburar Iblis ya ɗauko ayar da ya jarabci Yesu da ita a kan ƙololuwar Haikali.

Na ga yadda dattijon yake yi da wannan kanta, kuma a nan ya sami girmamawata. Wata mata ta shigo tana neman man mayu saboda jikanta ya rame, tana zargin kishiyar 'yarta. Ya ce mata, "Inna, kun kai shi asibiti an auna jininsa?" Da ta ce a'a, ya roƙe ta ta fara da can, ta kuma kira dattawan majami'arsu, sannan ya ja mata kunne a kan ambatar sunan mutum ba tare da shaida ba. Jan kunnen yana da tushe, domin sashe na 251 na dokar hukunta laifuffuka ta Kamaru ya tanadi ɗaurin shekara 2 zuwa 10 da tarar sefa 5,000 zuwa 100,000 ga wanda aka kama da maita, saboda haka zargin da aka fara a tsakar gida yana iya ƙarewa a kotu, bayan ya riga ya raba zumunci. Matar ta tafi ba ta sayi komai ba.

Da na tambaye shi, "Baba, tun da haka kuke gani, me ya sa kuke ajiye su?", amsarsa ita ce kwalaben ne ke biyan kuɗin haya, littattafai kuwa sai su yi watanni ba a taɓa su ba. Na gane uzurin, ban karɓe shi ba, gama ba kullum yake zaune a kantin ba, kuma yaron da ke tsare masa yana miƙa kwalba ga duk wanda ya miƙa kuɗi, ba tambaya. Wanda zai je don littafi ko katin waya, ya je da safe lokacin da dattijon yake nan, ya gaya masa abin da ke damunsa, zai fito da abin da ya dace.