Bacharach, Koblenz ko Rüdesheim: ina ya kamata ka kai kuɗinka da ƙafarka a hunturun Jamus?

A watan Disamba rana ba ta leƙowa a kwarin kogin Rhine sai wajen takwas da kwata na safe, kafin biyar saura kuma an yi magariba. Duk wanda ya sauka Frankfurt don karatu, taro ko ziyarar ɗan'uwa, yana da wuni ɗaya da yake so ya ba tsofaffin garuruwan bakin kogin nan, da wannan lissafin zai fara: awa takwas na haske, biyu ko uku daga ciki jirgin ƙasa zai cinye. Saboda haka shawarata tun daga farko ita ce gaɓa ɗaya, gari biyu. Mai son ya haɗa biyar a wuni guda tashoshin jirgi kawai zai gani.

Yankin da ake magana shi ne tsakanin Bingen da Koblenz, kimanin kilomita 65, wanda UNESCO ta sa cikin wuraren tarihi na duniya a 2002. Akwai fādoji da ganuwoyi kusan 40 a kan duwatsun gaɓoɓin biyu, da yawa daga cikinsu an gina su ne don karɓar kuɗin fito daga jiragen 'yan kasuwa. Abin da baƙo bai cika sani ba shi ne babu gada ko ɗaya a wannan tsakanin. In kana gaɓar hagu kana hango gari a dama, sai dai jirgin fito, irin na Bingen zuwa Rüdesheim ko na St. Goar zuwa St. Goarshausen.

Zaɓina na farko Bacharach ne, a haɗa da Oberwesel. Daga tasha zuwa tsakiyar Bacharach tafiyar 'yan mintuna ce, ka faɗa cikin lunguna masu daɓen dutse da gidajen da aka ɗaure da katako baƙi, wasu sun karkace saboda shekaru. Bayan cocin St. Peter akwai matakala da ke hawa, ta wuce kangon Wernerkapelle, jajayen bangaye da dogayen tagogi ba rufi, ta kai ka fādar Stahleck. Hawan bai wuce minti ashirin ba, amma za ka ji shi a gwiwa. Fādar yanzu masaukin matasa ce, shiga farfajiyarta kyauta, kuma daga nan kogin yake shimfiɗe a gabanka, manyan jiragen kaya na tafiya a hankali, gonakin inabi sun zubar da ganye sun bar turaku a jere. Da bazara sai ka yi turereniya kafin ka samu wurin tsayawa. A Janairu kana iya zama kai kaɗai.

Oberwesel minti biyar ne a jirgi. Ganuwarta na cikin waɗanda suka fi tsira a yankin, da hasumiya 16 da ke tsaye har yau, kuma ana hawa wani sashe a yi tafiya a kai. Wannan shi ne dalilin da na fifita ta a kan St. Goar a lokacin sanyi: ganuwa ba ta da ƙofar da za a kulle maka. Fādar Rheinfels ta St. Goar, wadda aka kafa a 1245 kuma sojojin Faransa suka tarwatsa a ƙarshen ƙarni na 18, ta fi kowace girma, sai dai da hunturu ana taƙaita lokacin buɗe ta. Aibin wannan zaɓi a fili yake. Bayan sabuwar shekara gidajen abinci da yawa a ƙananan garuruwan nan sukan rufe na makonni, ran Lahadi kuma shaguna a kulle suke a duk Jamus. Ka zo da shayinka a filas da abin taɓawa.

Wanda zai tafi da iyali, ko da dattijo, ko kuma sararin sama ya nuna alamar ruwa, Koblenz da Braubach sun fi masa. Koblenz birni ne sosai, tun zamanin Romawa, a mahaɗar Mosel da Rhine, wurin da ake kira Deutsches Eck. Ƙasa a miƙe take, akwai wurin fakewa a sha ɗumi, akwai masallatai da shagunan Turkawa da Larabawa inda za ka ci döner hankali kwance. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin azahar, la'asar da magariba duk suna faɗowa cikin awa huɗu, daga sha biyu da rabi zuwa huɗu da rabi, kuma alwala da ruwan famfon tasha a wannan sanyi sai mai ƙarfin hali. Daga Koblenz kwata ɗin awa zai kai ka Braubach, inda Marksburg take, fādar kan dutse ɗaya tilo a yankin da ba a taɓa rushewa ba. Tana buɗe har da hunturu, amma ba a shiga sai da ɗan jagora, zagayen kusan minti hamsin ne. Za a bi da kai ta wata hanya da aka sassaƙa cikin dutse domin dawakai, a nuna maka kicin mai murhun da zai gasa sa guda. Kuɗin shigar nan ya biya kansa. Abin da Koblenz ta rasa shi ne tsufa na gaske, don yaƙin duniya na biyu ya rushe yawancinta, da yawa daga abin da kake gani sake ginawa aka yi.

Rüdesheim kuwa ita ce kowa ke fara ambata, amma ita ce ta ƙarshe a wurina. Shahararren lungunta, Drosselgasse, mita 144 ne kacal, kuma kusan duk gidajen shan giyar inabi ne. Daga ƙarshen Nuwamba zuwa gab da Kirsimeti kasuwarta ta Kirsimeti na cika da fitilu da jama'a, ta cancanci a gani. In ka je, abin sha mai zafi da kowa ke riƙe da shi, Glühwein, giya ce. Wanda babu barasa shi ne Kinderpunsch. Akan karɓi kuɗin ajiya a kan kofi, ka mayar a dawo maka da kuɗinka. Kasuwa na tashi gari ya yi tsit, motar igiya mai hawa dutsen Niederwald ma takan tsaya.

Batun tikiti ya fi sauƙi. Jiragen ruwan yawon buɗe ido na kamfanin KD daga Afrilu zuwa Oktoba suke cikakken aiki, don haka kada ka gina wuninka a kansu. In kana marmarin hawa ruwa, jirgin fito na 'yan Yuro kaɗan zai kashe maka ƙishirwa. Mazaunin Jamus mai Deutschlandticket, tikitin ƙananan jiragen ƙasa na duk ƙasar, ba ya buƙatar ƙarin ko sisi, jirgin RB26 na bin gaɓar hagu, RB10 na bin ta dama. Baƙon kwana biyu ya yi hattara da wannan tikitin: rajista ce ta wata-wata, in ba ka soke kafin 10 ga wata ba za a ci gaba da cire maka kuɗi. Wanda ya dace da baƙo shi ne Rheinland-Pfalz-Ticket na wuni guda, yana ɗaukar har mutum biyar, kuma kowane ƙarin mutum yana rage kuɗin da ke kan kowa. A ranakun aiki daga tara na safe yake fara aiki, Asabar da Lahadi tun asuba, ba ya shiga jiragen dogon zango na ICE ko IC, kuma daga Frankfurt sai ka sayi na zuwa Mainz daban. Wajen tafiya arewa ta gaɓar hagu, ka zauna tagar dama, don ka ga Pfalzgrafenstein, fādar karɓar haraji da aka gina tsakiyar ruwa a Kaub, da dutsen Loreley.

Inda ba na so ka yi rowa shi ne takalmi. Mutanenmu sukan kashe kuɗi a ƙatuwar rigar sanyi su fito da kambas mai santsin tafi, alhali sanyin nan na digiri sifili zuwa biyar ta ƙafa yake shiga, kuma daɓen dutse in ya jiƙe ko ya yi ƙanƙara sulɓi gare shi. Nemi takalmi mai hana ruwa, mai ƙwanƙwasan tafi, ɗan yalwatacce yadda zai ɗauki safar ulu. A jiki kuma sirara uku sun fi mai kauri ɗaya, saboda a matakalar Stahleck gumi za ka yi, kana isa sama iskar kogi ta same ka. Wando na ciki mai ɗumi yana shiga ƙarƙashin kaftani ko abaya lafiya lau, kuma a shaguna irin su Decathlon ba shi da tsada. Ka riƙe 'yan tsabar kuɗi a aljihu, don bayan gida na tasha sai an biya, ƙananan shaguna da dama kuma ba sa karɓar kati.